Taƙi Biyu na Hannun Dama

Ambon, Afrilu 1994

Zuwa ga Salbia, 'yar ɗan baffana Idrus,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da mijinki Bakri da yaran makarantar da kike fama ki cusa wa karatu kamar zai amfane su. Ki gaida mini duk wanda ya tambaye ni a Lehumata. Ba za ki gaji da isar da gaisuwar ba, na san ba su da yawa.

Ni dai ina nan. Likita ya ce hawan jini ne, ya hana ni gishiri, ni da aka yanke wa cibiya a bakin teku. Yaro ne, na gama jami'a a Bogor kafin a haife shi, amma magana yake yi mini da ƙarfi kamar kurma. Ya ce kada in shiga jirgin ruwa tukuna. Ina kwana a ɗakin bayan gidan wani tsohon abokin aikina, tagar tana kallon bango.

Wasiƙarki ta zo da magana biyu. Ta farko, 'ya'yan marigayi yayana suna neman kashe juna a kan itatuwan kanumfarin kan tudu, kowa yana so in tsaya masa shaida. Itatuwan da babu wanda ya taɓa share gindinsu a cikinsu.

Ta biyu, sasi, dokarmu ta hana kamun kifi. Shekara uku ke nan da na kafa ganyen kwakwa a bakin murjani, duwatsun cikin teku inda kifi ke taruwa, na hana kowa jefa ƙugiya, kuma yanzu kin ce gari ya rabu, wasu na cewa a buɗe da wuri. Kin ce wani jirgi mai tankunan ruwa a cikinsa ya tsaya a bayan tsibiri, na wani Darwis daga Makassar, yana raba wa yara alewa, yana so ya sayi kifin sunu da ransa ya kai wa masu gidajen abinci a ƙasashen waje. Kin ce ya fi son wanda ya yi daidai da faranti. Kin rubuta wannan kamar abin dariya. Ban yi dariya ba.

Ki saurara, tunda ke kaɗai ce a garin nan kike karanta takarda har ƙarshenta. Sunu duk a mace yake farawa. Sai ya girma, ya yi ta zuba ƙwai, sannan wasu daga cikin manyan su juye su zama maza. Wanda ya yi daidai da faranti bai taɓa zuba ƙwai ba ko sau ɗaya. Ki kwashe irinsa bana, baɗi ki ga kamar ba komai, shekara ta uku ki leƙa murjani ki tarar da kango. Na rubuta wa ma'aikatar kifi wannan sau da yawa lokacin ina ofis. Gara ta karanta, ta ji daɗinsa.

Abin da ya tsare murjaninmu har yau shi ne taƙi biyu na hannun daman kewang, wato ni mai tsaron sasi, duk kifin da bai kai ba a mayar da shi ruwa. Kada ki ɗauka hikimar kakanni ce. Sa'a suka ci, gidanmu na kewang masu dogayen yatsu ne. Na taɓa kawo musu ma'aunin ƙarfe daga ofis na ce a rataye a zauren gari a huta. Suka ce ƙarfe ba ya rantsuwa. Dole kowace buɗewa a yanko sabuwar gora, in ɗora hannu a kanta bisa dutsen zaure, a yanke daidai taƙi biyu a riƙa auna kifi da ita, in an gama a jefa ta teku kamar ta yi laifi. Ma'aunin kuwa, matar Raja, sarkin garin naku, ke awon yadi da shi.

Allah ya sada mu da alheri.

Om ɗinki, wato baffanki,
Hamja Sopalatu

Ƙari: wannan abin da suke ta ja-in-ja a kai suna jiran bakina, ki gaya musu na gaji. Na cire hannuna. Su yi yadda suka ga dama.


Lehumata, Mayu 1994

Om Hamja,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, alhamdulillahi, sai tari da ya shigo wa yara. Nene Halija tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ita ta girme ka kuma har yau tana cin gishirinta. Allah ya ƙara sauƙi. Rubutunka ya canza, Om, da ƙyar na karanta wasu wurare. Ko biron ne?

Wasiƙarka ta iso ranar Juma'a. Kafin in buɗe ta Raja ya aiko, ya ce takardar kewang ba ta mutum ɗaya ba ce, a zaure ake karanta ta. Na je na karanta daga farko har ƙarshe. Da na zo kan ma'aunin ƙarfe mutane suka fashe da dariya, Raja bai yi ba. Da na zo kan ƙarin da ka yi a ƙasa, kowa ya juya ya dubi Raja.

Liman ya ce, "Maimaita, malama." Na maimaita.

Raja ya ce, "Kun ji da kunnenku. Kewang ba ya sauka sai da mutuwa ko da bakinsa. Ga bakinsa."

Om, na yi kuka a hanyar gida. Ban san ka gaji da mu har haka ba. Amma ba zan zarge ka ba, ka yi abin da za ka iya.

Aka zauna neman wanda zai gaje ka. Ba ka da ɗa, 'ya'yan yayanka kuwa ba sa gaisawa, in an ba ɗaya ɗayan zai ƙona zauren. Sai Raja ya tuna uwar Bakri 'yar gidan kewang ce. Wani daga baya ya ce, "Wa? Ƙaguwa?" Aka yi dariya. Wani ya ce, "To in ya ɗora hannu a gora, da wane yatsan zai fara, da wanda ke nan ko da wanda ke teku?" Ka san tun bam ɗin kwalba na kamun kifi da ya tashi a hannunsa yana saurayi, ya ɗauke masa dogon yatsa da rabin babban yatsa, haka suke yi masa. Shekara ashirin yana cin abinci da hannu a ɓoye.

Raja ya buga ƙasa da sanda ya ce doka ta ce hannun dama, kuma Bakri yana da hannun dama. Aka yi fatiha.

Ina so ka yi mana murna, Om, ko kaɗan ce. Bakri ya sayi sabuwar hula. Jiya ya bi ta bakin ruwa, mutanen da ke gyaran kwalekwale suka miƙe suka gaishe shi da sunansa. Ya dawo ya zauna a ƙofar ɗaki yana ta shafa gwiwa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Pak Darwis yana bakin zauren ranar, yana shan shayi. Mutum ne mai ladabi, ba ya ɗaga murya. Shi ya fara zuwa ya yi wa Bakri barka. Ya riƙe hannun ya daɗe, yana jujjuya shi yana dubawa, ya ce, "Wannan hannu mai albarka ne, Pak Kewang." Ban san me ya sa abin ya tsaya mini a rai ba.

An tsai da cewa ba za a buɗe da wuri ba, sai iskar gabas ta kwanta. Ka ga an bi maganarka. Iskar ta fara, jirgin fasinja ya ce wannan ne zuwansa na ƙarshe sai yadda hali ya yi.

'Yarka,
Salbia


Ambon, Yuni 1994

Salbia,

Ina gaishe ki. Lafiyata tana nan yadda kika bar ta, ko ta ɗan fi muni tun da na karanta takardarki.

Kanumfari! Kanumfari nake nufi! Rigimar waɗancan sakarkarun biyu a kan itatuwa, ita na cire hannuna daga ciki. Wane mahaukaci ne zai cika takarda guda yana bayanin ƙwan kifi sannan a ƙasa ya ce a yi yadda aka ga dama da murjani? Ke malamar makaranta ce. Kina koya wa yara su gane abin da suka karanta. Ko kuwa kin gane, amma kika ga hula za ta yi wa mijinki kyau?

Kin ce an bi maganata tunda ba a buɗe da wuri ba. Darwis bai damu da rana ba, yarinya. Zai jira wata uku yana shan shayinku. Gora yake jira. Ki kama hannun mijinki yau, ki buɗe shi a kan faranti, ki auna sau biyu, ki gaya mini abin da kika gani. Taƙi biyu na Ƙaguwa bai fi taƙi ɗaya nawa da 'yan yatsu ba. Ba za a karya doka ko ɗaya ba. Liman zai yi addu'a, a buga ganga, a yanke gora, kowa ya auna kifinsa da gaskiya da amana, a share murjanin tas. Wannan mutumin ya fi duk manyan ofishinmu wayo. Su takarda suke saye, shi ya tsaya ya koyi al'ada.

Kuma wa ya tuna wa Raja da uwar Bakri? Raja da ba ya tuna sunan jikokinsa?

Ki kai wannan zaure ki karanta kamar yadda kika karanta waccan, da murya mai ƙarfi. Ni Hamja ɗan Abdul Mutalib ban sauka ba. Ni ne kewang na Lehumata har sai an binne ni. Hannuna yana kan sasi.

Ki ba ni amsa da jirgin farko.

Hamja


Ambon, Yuli 1994

Salbia,

Sallama. Ina fata kuna raye. Ni ina raye, ba don ina jin daɗinsa ba.

Babu amsa. Kullum da safe ina jan ƙafa zuwa tashar jiragen ruwa, mai sayar da tikiti ya riga ya san ni, kafin in buɗe baki sai ya girgiza kai. Teku ta yi baƙi, ruwan sama ba ya tsayawa. Na ba wani mai jirgin kwakwa waccan takardar, ya rantse zai ratsa ta wajenku. Wataƙila yana ƙarƙashin ruwa da ita yanzu. Wataƙila kuma ta iso, kin karanta, kin sa ta a murhu.

Akwai wani sabon gidan abinci kusa da tashar, da akwatin gilashi a ƙofa. Na tsaya na leƙa. Sunu ne a ciki, jajaye da ɗigon shuɗi, duk tsayinsu ɗaya kamar an yanka su da almakashi. Yaron wurin ya ce mini daga wani tsibiri ne a kudu. Na san tsibirin, na yi aiki can ina saurayi, mutum kan tsaya a kwalekwale ya kasa ganin yashi saboda kifi. Na tambaye shi ko har yanzu ana kawowa daga can. Ya ce a'a, waɗannan ne na ƙarshe, jirgin ya koma wani wuri. Ya ce, "Baba zai ci ne ko kallo kawai?" Na ce kallo. Duk rayuwata kallo nake yi.

Na yi miki kaushin harshe a waccan takardar. Ba zan janye ba, amma na san Bakri ba ɓarawo ba ne. Abin da ya sa aka zaɓe shi ke nan. Da ɓarawo ne da mutane sun sa masa ido.

Masunta a nan suna cewa iskar bana za ta kwanta da wuri. Ban taɓa roƙon Allah ya tsawaita iskar gabas ba sai bana, kuma ita ce ta raba ni da ku. Ki ga irin addu'ar da aka bar wa tsoho.

Ki rubuto, ko zagi ne.

Hamja


Lehumata, Agusta 1994

Om Hamja,

Muna lafiya. Tarin yara ya wuce. Rufin ajinmu ya tafi da iska, muna karatu a barandar masallaci.

Takardunka biyu rana ɗaya suka iso, ta farkon ta jiƙe har sai da na shanya ta. Ban sa komai a murhu ba. Kuma ban ga hula ta yi wa kowa kyau ba. Kai ka rubuta magana ba kai ba gindi a ƙasan takarda, bayan ka gama maganar sasi, ka bar ni da ita a gaban maza. Ka yi karatu a Bogor, da sai ka ƙara kalma ɗaya.

Amma na yi abin da ka ce. Na ɗauko faranti na ce wa Bakri ya ba ni hannunsa. Ya ɗauka wasa ne. Na auna sau biyu. Bai kai bakin farantin ba, Om. Ya dubi farantin, ya dube ni, ya tashi ya fita. Tun ranar bai sa hular ba.

Na karanta takardarka a zaure. Inda ka ce masa Ƙaguwa na tsallake. Hayaniya ta tashi. Samari suka ce shekara uku suna kallon kifi yana wucewa ta ƙarƙashin kwalekwalensu suna cin tuwon papeda da ganye, ba za su ƙara jiran wani tsoho da ke kwance a birni ba. Wani ya ce, "Yau ya cire, gobe ya mayar, hannu ne ko wuƙar kube?" Nene Halija ta ce masa, "Rufe bakinka, ɗan Saleha, ranar da aka haife ka ƙwan sunu uwarka ta ci ta samu nono."

Raja ya bari suka gaji, sannan ya yanke. Ya ce takarda tana iya sauke kewang amma ba ta iya awo. Za a buɗe sasi ranar da sabon wata ya tsaya. In Hamja ya zo da ƙafarsa ya ɗora hannun damansa a kan gora, gorar tasa ce. In bai zo ba, ta Bakri ce, kuma in Bakri ya ƙi, an fasa awon gaba ɗaya, kowa ya kama abin da ya samu. Yana faɗa yana murmushi. Ina jin ya san likita ya hana ka tafiya, ai ni na karanta musu da bakina.

Jirgin Pak Darwis ya matso. Da yana bayan tsibiri, yanzu daga ƙofar ɗakina ina ganinsa. Ya rarraba wa mutane tarkuna da ƙananan ƙugiyoyi, ya ce kyauta ne.

Teku ta fara kwanciya. Jirgin fasinja zai taso daga Ambon kafin watan ya tsaya. Ka zo, Om. Ba sai ka yi magana da kowa ba. Ka ɗora hannu kawai ka koma.

Kuma ba ka amsa mini maganar rubutunka ba.

Salbia


Ambon, Agusta 1994

Salbia 'yata,

Na gode da takardarki. Ki gaida Bakri da sunansa.

Wannan kada ki kai ta zaure. In Raja ya aiko, ki ce masa maganar kanumfari ce.

Ba biro ba ne. Da hagu nake rubutu. Abin da ya riƙe ni a Ambon ba hawan jini kawai ba ne, faɗuwa na yi wata safiya a nan kasuwa, na farka ɓarin damana ba ya jin umarni. Ƙafar ta dawo rabi. Hannun bai dawo ba. Ya dunƙule, yatsun sun shige cikin tafi, kullum ƙara ƙanƙancewa suke. Ina dubansa a kan cinyata kamar abin da teku ta jefo. Ki gaya wa mijinki yanzu ƙaguwa biyu ne a gidan kewang, kuma tasa ta fi tawa buɗewa.

To ki lissafa da kanki. In ban zo ba, gorar Bakri. In na zo na ɗora wannan dunƙulen, gorar da za a yanke ko ɗan mitsitsin kifi ba za ta hana kamawa ba. In na miƙa hagu, Raja zai karanta mini dokar da na fi shi sani.

Jiya na tambayi yaron likitan nan, na ce in aka danne yatsun da ƙarfi za su miƙe? Ya ce jijiyoyin sun ƙage, ƙashin tsoho ne, za su karye. Na ce ban tambaye ka ko za su karye ba, za su miƙe? Ya dube ni ya rubuta wani abu a takardarsa, ina jin ya ƙara mini ciwon hauka a kan sauran. Hannun ba ya motsi amma yana jin zafi, wannan kuma rowar Allah ce ko rahamarsa, ban sani ba.

Zan shigo jirgin. Zan rufe hannun da mayafi har bakin dutse. Abin da nake nema a wurinki shi ne ki tsaya kusa da ni. In na ɗora, ki kama babban yatsa da na tsakiya ki buɗe su, ki danne da duk nauyinki har sai an sa alama. Sau biyu ne, kada ki manta. Duk abin da kika ji, ko daga hannun ko daga bakina, ba ruwanki.

Kada ki ɗauka don mutanen Lehumata nake yi. Za su zage ni, kuma in na mutu za su sayar da murjanin da dutsen zauren a haɗe. Na shekara talatin ina rubuta abin da ba wanda ya karanta. Taƙi biyun nan ne kaɗai abin da na taɓa faɗa aka ji.

Hamja


Lehumata, Satumba 1994

Om Hamja,

Sallama da fatan ka farfaɗo. Mai jirgin ya ce sun miƙa ka asibiti kana numfashi, ban da wannan ba mu ji komai ba. Mu muna lafiya.

Ban san inda tunaninka ya tsaya ba, don haka zan fara daga dutse. Da ka yaye mayafin, kowa a zauren ya ga hannun a dunƙule. Na kama yatsunka kamar yadda ka ce. Na ja, na ji sun ƙi, na dubi fuskarka, na kasa dannawa. Ka yafe mini. Kana ce mini, "Danna mana, 'yar Idrus, alli kawai kika iya riƙewa?" Sai Bakri ya ture ni gefe. Na karanta masa takardarka tun ranar da ta zo, ban gaya maka ba. Ya durƙusa ya ce, "Om, na san yadda yake. Ka kalli teku." Ya danna.

Har waɗanda ke waje sun ji ƙarar. A nan ka suma.

Raja ya miƙe ya ce wannan ba awo ba ne, hannun da wani ya buɗe, mai shi ma ba ya cikin hayyacinsa. Nene Halija ta ce, "Kai ka ce hannun dama, ba ka ce mai lafiya ba. Da za a auna da na Bakri, yatsa nawa ka ƙirga?" Liman ya sunkuyar da kai ya ce ba a tsayar da awo a tsakiya. Bakri ya ɗaga hannunka ya matsar da shi gaba, ya sake dannewa. Aka sa alama, aka yanke. Da jininka a jikin gorar aka yi awo da ita.

Kifi ya fito, Om, irin wanda yara ba su taɓa gani ba. Amma abin da aka mayar ruwa ya fi wanda aka ɗauka. Bakri ne ya tsaya a bakin ruwa da gorar, samari suna zaginsa suna zaginka, ɗan Saleha ya jefa masa kifi a ƙirji. Ya ci gaba da awonsa. Manyan kuwa Pak Darwis ya ce sun yi wa faranti yawa, kaɗan ya ɗauka. Mata suka feɗe sauran, cikinsu cike da ƙwai. Mun gasa a ganyen ayaba, an kai wa tsofaffi kamar yadda aka saba. An rufe sasi, an kafa sabon ganye, gorar ta tafi teku.

Yanzu ga abin da ya sa ban iya barci sosai. Raja ya sanar cewa kai ne kewang har ƙarshen ranka, bayanka kuma Bakri, tunda an riga an yi masa fatiha. Bakri ya ce zai ƙi. Na yarda da shi yau. Amma gari ya daina gaishe shi, shi kuwa ya riga ya ɗanɗana daɗin gaisuwar.

Ranar da jirgin zai tashi, Pak Darwis ya zo har gida. Ban ga fushi a fuskarsa ba ko kaɗan. Ya ce bai taɓa ganin namiji irinka ba. Ya tambayi shekarunka. Ya tambayi me likita ya ce, ko faɗuwar ta farko ce ko ta biyu. Ya ce shi ba ya gaggawa, yana da wuraren da zai zaga, zai riƙa leƙowa yana gaishe mu. Sannan ya ajiye ƙunshin da ke tare da wannan takardar, ya ce lallai in aika maka, tsaraba ce daga gare shi. Na buɗe na duba. Busasshen kifi ne mai gishiri.

Yana bakin zaure ranar da na karanta abin da likita ya hana ka.

'Yarka,
Salbia


Ambon, Oktoba 1994

Salbia,

Ina gaishe ki. Ki gaida Bakri, ki ce masa ya sa hularsa, shi ya saye ta.

Na farfaɗo. Tsarabar ta iso, kyanwar maƙwabta ta gode.

Yatsa uku ne suka karye. Da yaron likitan ya zo ɗaurawa, ya so ya lanƙwasa su yadda zan iya riƙe ko cokali. Na ce a'a, ya shimfiɗa hannun a kan katako, babban yatsa can, na tsakiya can, ya ɗaure shi haka. Ya ce in ƙashin ya kama a haka, hannun ba zai ƙara rufuwa ba har abada, ba zai yi mini amfanin komai ba. Na ce ya yi aikinsa.

Ina shan maganina a kan lokaci. Ina cin abincin nan nasu marar ɗanɗano har in suɗe kwano. Da safe ina zaga gidan da sanda. Ban taɓa son tsawon rai ba sai yanzu, kuma ba don daɗinsa ba.

In Darwis ya leƙo ya tambaye ni, ki ba shi shayi. Ki ce masa hannun yana nan a buɗe.

Hamja Sopalatu
Kewang na Lehumata